Detroit Tigers a makon ƙarshe na kakar wasan baseball ta Amurka: sa'a ce ko aiki?

Litinin, 23 ga Satumba, 2024

Baban Hauwa (Detroit): Salamu alaikum jama'a. Yau babu wasa, sai mu yi magana a tsanake. Ranar 10 ga Agusta, Tigers sun ci wasa 55, an cinye su 63. Masu lissafin FanGraphs suka ce damar shigarmu wasannin Oktoba, wato na neman kofi, kashi 0.2 ce cikin 100. Daga ranar zuwa jiya mun buga 38, mun ci 27. Yanzu muna 82 da 74, kunnen doki da Kansas City, mun ba Minnesota ratar wasa ɗaya. Saura wasa 6, kuma duk a gida: uku da Tampa Bay, uku da White Sox. Ina waɗanda suka ce in daina wahalar da kaina? Ɗan Damagaram, da kai nake.

Ɗan Damagaram (Bronx): Wa alaikumus salam Alhaji. Ga ni, ban gudu ba. Barka da arziki, tun 2016 rabonku da ku gama shekara nasararku ta fi kayenku yawa, jiya kun samu wannan. Amma ku ba ni amsar abu ɗaya. Sau nawa kuka haɗu da White Sox bana? Goma. Kun ci 9. A cire waɗannan goman, me ya rage? 73 da 73. Ba ku gaba, ba ku baya. Da a rukuninmu na gabas kuke, kuna karo da Yankees da Baltimore da Boston sau 13 kowacce, da tuni an rufe maganarku.

Baban Hauwa (Detroit): Baltimore ɗin da kake faɗa, cikin kwana goma mun haɗu sau 6, mun ci 4. Kansas City mun bi su har gida mun cinye duka ukun. Yankees ɗinka kuwa a Agusta biyu cikin uku muka ci, har da wanda aka buga a Williamsport gaban yara 'yan Little League. Ko ka manta wanda ya buga ƙwallon da ta gama wasan a zango na 10, bayan zango 9 na ƙa'ida sun ƙare kunnen doki? Parker Meadows. Rubuta sunan ka ajiye.

Ɗan Damagaram (Bronx): Mu wasan Agusta bai dame mu ba, Alhaji. Judge namu yana da hom-ron 55, wato bugun da ke tsallake katanga. Ku waye naku ya kai ko 30?

Autan Fagge (Kano): Yayyena, ku yi haƙuri da mai koyo. Ni ƙwallon ƙafa na sani. Na ga teburi, Cleveland ce ta ɗaya a rukuninku kuma har an ce ta lashe shi. To murnar me kuke yi? Wanda bai zo na ɗaya ba shi ma zai iya ɗaukar kofi?

Malam Lissafi (Zariya): Auta, abin haka yake. Ƙungiya 30 ce, an raba su gida biyu, American League da National League, kowane gida da rukuni uku. A kowane gida, waɗanda suka lashe rukunai ukun sun wuce kai tsaye. Sai a dubi sauran duka, ba ruwan kowa da rukuni, a ɗauki uku da suka fi yawan nasara. Su ne 'yan Wild Card. Tun 2022 aka mayar da su uku, a da biyu ne. Baltimore ta kusa riƙe guda ɗaya, saura gurbi biyu, kuma ƙungiya huɗu ke hanƙoro: Detroit, Kansas City, Minnesota da Seattle. Wanda ya samu zai je gidan wanda ya fi shi, a yi wasa uku, wanda ya fara cin biyu ya wuce. Kuma ƙwarai, suna ɗaukar kofi. Texas da ta ɗauka bara ta wannan ƙofar ta shiga, ita da Arizona da suka buga wasan ƙarshe tare.

Amma akwai abin da Alhaji bai faɗa ba. Idan aka gama kunnen doki, yanzu ba a sake buga wasan raba gardama. Ana duba wa ya fi cin wani a haɗuwarsu ta shekara. Minnesota da Kansas City duk sun fi Detroit a nan. Saboda haka kunnen doki ba zai amfane ku ba, dole ku wuce Minnesota sarai.

Baban Hauwa (Detroit): Gara da aka soke wasan raba gardamar nan. Wanda ya ga na 2009 ba zai so a sake ba. Saura wasa 4 muna gaban Minnesota da uku, muka bari suka kamo mu, aka je gidansu aka yi zango 12, suka cinye mu 6 da 5. Bakatsine, kana ina? Yau rana ta juya.

Bakatsinen Minnesota: Ina jin ku, Alhaji. Shiru na yi don ba ni da bakin magana. Ranar 17 ga Agusta muna 70 da 53, mun ba ku ratar fiye da wasa 10. Washegari a Texas muna gaba da 4 da nema, aka sako mai jifan canji, cikin zango ɗaya komai ya rushe. Tun daga nan ba mu sake miƙewa ba. Jiya a Boston wasa biyu aka yi a rana ɗaya, duka biyun aka lallasa mu.

Ni ban ga laifin yaran sosai ba. Bara muka ci zagayen farko na Oktoba, abin da muka shekara 21 muna jira, garin nan ya ɗauka da murna. Sakayyar da masu ƙungiya suka yi mana ita ce rage kuɗin albashi. Da kasuwar musaya ta zo a ƙarshen Yuli, mutum ɗaya tak suka kawo, Trevor Richards, shi ma bai yi wata guda cur ba aka sallame shi. Joe Ryan ya ji ciwo a kafaɗa, Correa ya yi wata biyu yana jinyar ƙafa, Buxton kuwa kun san shi, yau yana nan gobe ba ya nan. Saboda haka Ɗan Damagaram yana da gaskiya ta wani ɓangare: ba ku kuka kamo mu ba, mu muka zauna a hanya.

Malam Lissafi (Zariya): Biyun duk sun faru. Da Detroit ta ci rabin wasanninta kawai tun 10 ga Agusta, da yanzu tana 74 da 82, faɗuwarku ba za ta tsinana mata komai ba. Kuma maganar White Sox ɗin nan, Minnesota ta ci su 12 cikin 13, Kansas City ma 12 cikin 13. Kowa ya ci rabonsa, har sun fi Detroit ci.

Ɗan Damagaram (Bronx): Ai maganata ke nan, Malam. Rukuni guda ya samu wanda kowa ke duka, sai ga shi zai tura ƙungiya uku Oktoba. Seattle da ke yamma me ta yi?

Baban Hauwa (Detroit): Seattle ta zo Detroit a tsakiyar Agusta ta sha kashi uku a jere. Abin da ta yi ke nan.

Maman Sadiq (Dearborn): Ku maza kullum gardamarku wa ya fi wa. Ni abin da nake so a yi magana a kai shi ne Scott Harris, shugaban da ke saye da sayar da 'yan wasan Tigers. A ƙarshen Yuli mutumin nan ya sayar da mai jifa Jack Flaherty ga Dodgers ana saura 'yan mintoci a rufe kasuwa. Ya ba Texas Carson Kelly da Andrew Chafin, ya ba San Francisco Mark Canha. Wanda ya yi haka ya fidda rai da shekarar ne, ba wani ɓoye-ɓoye. Yanzu da yara suka yi abin mamaki sai na ji ana cewa shugaba mai hangen nesa. Wane hange? Da Flaherty yana nan, da yau muna da ƙwararrun masu buɗe jifa biyu za mu shiga Oktoba da su. Yanzu Skubal ne kaɗai, sai addu'a.

Malam Lissafi (Zariya): Hajiya, a nan zan ɗan saɓa muku. Kwantiragin Flaherty na shekara ɗaya ne, dala miliyan 14, ƙarshen kaka zai kama gabansa. A ranar da aka sayar da shi ƙungiyar tana ƙasa da rabi. Duk wanda ke kujerar nan abin da zai yi ke nan. Kuma ku dubi abin da aka karɓo: Trey Sweeney da wani yaro mai cafke ƙwallo, Thayron Liranzo. Da Javier Báez ya tafi aikin ƙugu a Agusta, Sweeney ne ya gaji wurinsa. Báez ɗin da ake biya dala miliyan 140 a shekara 6, bana bugunsa .184 ne, wato a tsayawa goma ko biyu ba ya samu. Shekaranjiya a Baltimore wa ya cece ku? Zango na 9, an rama an yi 4 da 4, suna da mutum a tasha ta biyu da ta uku, dab da isa gida su ci maki. Ƙwallo ta tashi sama tsakanin Sweeney da Riley Greene, suka yi karo, Sweeney ya wuntsila ta kansa amma bai saki ƙwallon ba. Da ta faɗi, wasa ya ƙare a nan. Kuka ci 6 da 4 a zango na 10.

Maman Sadiq (Dearborn): Na gani, Malam, har ihu na yi na tada yara. Amma Harris bai sayi Sweeney don ya cafke wannan ƙwallon a Satumban bana ba. Don baɗi da baɗin baɗaɗa ya saye shi. Mutum ya yi shiri don wata shekara, Allah ya kawo abin da wuri, sai a gode wa Allah, a bar cewa shi ya tsara.

Baban Hauwa (Detroit): Ni ina bayan Hajiya a rabin maganar. Abin da zan yaba wa Harris ɗaya ne: bai sayar da Skubal ba. A Yuli kullum ka kunna rediyo sai ka ji ana cewa Baltimore ko Dodgers za su ɗauke shi. Da ya yi wannan, da ni da filinmu na Comerica Park har abada.

Autan Fagge (Kano): To idan mai jifa ɗaya gare ku, sauran ranakun wa ke yi? Ba kullum ake wasa ba?

Maman Sadiq (Dearborn): Kusan kullum, ƙanena, wasa 162 a wata shida. Bisa al'ada kowace ƙungiya tana da mutum biyar masu buɗe jifa, kowa ya yi yau sai ya huta kwana huɗu. Shi zai ɗauki zango 5 ko 6 ko 7, sannan 'yan canji su ƙarasa. Mu da aka sayar da Flaherty, ga Reese Olson da Casey Mize suna jinya, ga Kenta Maeda an mayar da shi cikin 'yan canji don ana dukansa da yawa, sai ya zama saura Skubal da wani sabon yaro ɗan Venezuela, Keider Montero. Shi ne koci A.J. Hinch ya mayar da abin kamar adashi, kowa ya zuba ɗan nasa. Tyler Holton ko Beau Brieske ya buɗe, ya yi zango ɗaya ko biyu, ya gama da manyan masu bugun da ke saman jeri. Sai a sako mai dogon numfashi irin Brant Hurter ya ja zango 4 ko 5. Sai Sean Guenther, sai Will Vest, sai Jason Foley ya rufe.

Mun je filin da Sadiq ranar 13 ga wata, wasan Baltimore. Kujerarmu tana ɓangaren tasha ta uku, muna ganin Hinch sosai. Ba ya gaggawa. Zai fito a hankali, tun kafin ya isa tudun jifa ya ɗaga hannu ya nuna wanda yake so, hagu ko dama, ya karɓi ƙwallo a hannun yaro, ya dafa masa kafaɗa. Shi kuma kocin can ya riga ya jera masu bugunsa don mai jifan dama, sai ya tarar da bahago a gabansa. Daren nan mutum huɗu suka yi jifa, Baltimore ba ta samu bugu mai kyau ko ɗaya ba har zango na 9, saura mutum ɗaya a tashi, sannan Gunnar Henderson ya samu ya kai tasha ta uku. Holton ya fitar da na bayansa, aka tashi 1 da nema. Sadiq da ya saba damuna da zancen abinci tun zango na 3, ranar ko ruwa bai nema ba.

Malam Lissafi (Zariya): Hikimar abin a nan take: alƙaluma sun daɗe da nuna cewa mai bugu ya fi samun nasara idan ya ga mai jifa karo na uku a wasa guda, don idonsa ya saba da saurin ƙwallon da yadda take karkata. Hinch ba ya barin a kai nan sai da Skubal. Ba shi ya ƙirƙiro ba, Tampa Bay ce ta fara yayata wannan salo a 2018. Shi dai ya yi shi kusan kwana uku cikin biyar har wata biyu, wannan ne ba a saba gani ba.

Ɗan Damagaram (Bronx): Kuma shi ne abin da zai kashe ku. Hannu ba ƙarfe ba ne. Holton yau ya buɗe, jibi ya rufe. A Oktoba za ku haɗu da ƙungiya ɗaya sau biyar ko bakwai a jere, su ga yaran nan yau, su gan su gobe. Duk ɓoyon ya ƙare. Sannan Hinch ɗin nan da kuke ta yabo, ba shi ne Houston ta kora a farkon 2020 kan satar alamun jifa ba?

Baban Hauwa (Detroit): Shi ne. An dakatar da shi shekara guda, ya yi, ya dawo. Ka kawo wata.

Yaron Nima (Bronx): Ku bar Ɗan Damagaram, tsoro ne ke cinsa. Kowa a garejinmu ya san ba ya son Yankees su haɗu da Skubal.

Talata, 24 ga Satumba

Autan Fagge (Kano): Yau na samu na kalla, don an dawo da wasan rana saboda hasashen ruwa, ƙarfe 6 da minti 10 na yamma a nan. Na yi Magariba na dawo na tarar babu wanda ya ci ko ɗaya. Wannan Skubal ɗin, me ya sa suke kai sanda ƙwallo ba ta iso ba?

Malam Lissafi (Zariya): Ka ga abin da ya sa ake tsoronsa. Yana da jifa mai gudun mil 97 zuwa 100 a awa, yana da wata da hannunsa ke fita iri ɗaya sak amma ta fi waccan sanyi da kusan mil 10, kuma tana nutsewa a ƙarshe. Mai bugu ba shi da ko rabin daƙiƙa ya yanke shawara. Yau zango 7 ba a ci shi ko ɗaya ba, an tashi 2 da 1, Wenceel Pérez ne ya kawo makin biyu. Nasararsa ta 18 ke nan, kaye 4, ya fitar da mutum 228 da jifa, kuma matsakaicin makin da ake ci a hannunsa a zango 9 shi ne 2.39. A dukan ukun shi ke gaba a American League. Rabon da ɗan Detroit ya haɗa ukun nan tun Justin Verlander a 2011. Yaron da sai a zagaye na 9 aka zaɓe shi a 2018, daga jami'ar Seattle, kuma an yi masa aiki a hannu a 2022.

Bakatsinen Minnesota: Miami, wadda ke can ƙarshen teburinta, ta zo gidanmu ta cinye mu 4 da 1. Kada kowa ya kira ni yau.

Alhamis, 26 ga Satumba

Baban Hauwa (Detroit): Allahu akbar! Ina kan hanyar filin jirgi da fasinja, Dan Dickerson yana bayani a rediyo, ana cinmu 3 da nema. Fasinjan wani dattijo ne Bature, bai ce min uffan ba tun da ya shiga. Da Colt Keith ya fara ramawa sai na ji ya ce in ƙara murya. Zango na 8 muka iso, na tsaya a bakin ƙofar tashi, mutumin nan ya ƙi fita. Malloy ya ɗaga ƙwallo can tsakiya, aka cafke, Matt Vierling ya taso daga tasha ta uku ya zube a gida da ciki. 4 da 3. Dattijon ya dinga dukan bayan kujerata, ya ce shi yana tsohon filin Tiger Stadium a 1987 ranar da Frank Tanana ya hana Toronto ci aka tashi 1 da nema a wasan ƙarshe. Sai da ma'aikacin wurin ya zo ya kore mu.

Tampa Bay uku a jere. 85 da 74.

Ɗan Damagaram (Bronx): Mu kuma daren nan mun lashe rukunin gabas, 10 da 1 muka yi wa Baltimore, Judge ya buga ta 58. Za mu zauna mu huta mu jira ku, in kun iso. Amma Malam, ka faɗa musu gaskiya: 2 da 1, 4 da 3, 4 da 3, 1 da nema. Wasan maki ɗaya ai sa'a ce.

Malam Lissafi (Zariya): Akwai sa'a a ciki, ba na musu. Ranar 5 ga wata a San Diego ana cinsu 3 da nema, zango na 9, an fitar da biyu, saura jifa ɗaya a tashi, Meadows ya buga wa Robert Suarez ƙwallo ta tsallake katanga da mutum uku a kan tasha. Ba a tsara irin wannan. Amma ka lura da abu guda: kafin sa'a ta yi maka aiki a zango na 9, sai an riƙe wasan kusa. Ƙungiyar da ake ci mata 7 kullum, bugu ɗaya ba ya fid da ita. Masu jifan nan da masu tsaron fili su ne suke ajiye wasa a inda bugu ɗaya zai isa. Ran Lahadi Meadows ɗin nan ya yi tsalle ya ciro ƙwallon Colton Cowser daga bayan katanga, aka tashi da ratar maki ɗaya. Wannan ƙafa ce da tsawo da ido. Kuma shi ne aka mayar ƙaramar ƙungiyarsu ta Toledo a watan Mayu don ya kasa bugu. Torkelson ma an mayar da shi can a Yuni. Kerry Carpenter ya yi fiye da wata biyu yana jinyar baya. Duk a Agusta suka dawo. Ƙungiyar da ta buga Yuni daban, wadda ke bugawa yanzu daban.

Maman Sadiq (Dearborn): Wannan na yarda. Shi ya sa lissafin 73 da 73 bai dame ni ba.

Bakatsinen Minnesota: Zango 13 muka yi da Miami, aka cinye mu 8 da 6. Gobe Baltimore za ta zo. Alhaji, ku ci wasa ɗaya kawai ku hutar da mu.

Yaron Nima (Bronx): Ku dai yi hankali. White Sox suna kan kaye 120, daidai da na Mets a 1962, kuma sun ƙi su karɓi na 121 a gidansu, Angels suka cinye uku a jere. Gobe Garrett Crochet ne zai buɗe musu. Shi kaɗai ne abin tsoro a ƙungiyar, amma abin tsoro ne.

Autan Fagge (Kano): Kaye 120 kuma ba za a maida su ƙaramin rukuni ba?

Baban Hauwa (Detroit): Ba a faɗuwa a nan, ɗana. Da ana yi, da mu aka fara kora: 2003 mun sha kashi 119. Shekara uku bayan nan muka je wasan ƙarshe na kofi, wato World Series. Shi ya sa ba na yi musu dariya sosai.

Juma'a, 27 ga Satumba

Maman Sadiq (Dearborn): Muna ciki. Fili ya cika maƙil, sama da mutum dubu 44, tun daga titin Woodward ba a iya tafiya sai a hankali. A watan Yuni kujeru muke zaɓa.

Yaron Nima (Bronx): Na faɗa muku. Crochet zango 4, ba ku ci komai ba.

Malam Lissafi (Zariya): Sun cire shi, suna tattalin hannunsa. Yanzu wasa ya fara.

Autan Fagge (Kano): Ƙarfe ɗaya na dare ta wuce, wuta ta ɗauke, da waya nake bi. Wani ya faɗa min abin da ke faruwa.

Malam Lissafi (Zariya): 4 da 1, Auta. Biyu daga ciki mai jifansu ne ya wurga ƙwallo ta kuɓuce wa mai cafkewa. Greene ya kawo ɗaya. Saura mutum uku a fitar a tashi.

Baban Hauwa (Detroit): Alhamdulillahi! Alhamdulillahi! Shekara 10! Tun 2014! Har ƙwallon ƙarshe sai da Pérez da Meadows suka yi karo, raina ya kusa fita, sai na ga Pérez a ƙasa ya ɗaga hannu da ita. Daga 55 da 63 zuwa 86 da 74, nasara 31 cikin wasa 42. Ɗan Damagaram, cire White Sox, cire duk wanda kake so.

Ɗan Damagaram (Bronx): Barka, Alhaji, Allah ya sanya alheri. Hajiya, a gaida Sadiq. Maganar hannun yaran nan dai tana nan, ban janye ba. Abin da ya ba ni tausayi mutanen Chicago ne: kaye na 121, kuma Jason Benetti da ya shekara takwas yana yi musu bayanin wasa a talabijin, daren nan Detroit yake yi wa.

Bakatsinen Minnesota: Baltimore ta ƙarasa mu, 7 da 2. Kansas City ma ta shiga duk da an cinye ta a Atlanta. Barka, Alhaji. Allah ya kai mu baɗi.

Maman Sadiq (Dearborn): Amin. Yanzu sai a kyale Skubal ya huta, kada wanda ya taɓa shi ran Lahadi. Talata ake fara zagayen farko.

Malam Lissafi (Zariya): Haka za a yi. Amma wasa biyun da suka rage ba na banza ba ne. Kuna gaban Kansas City da ɗaya. In kun riƙe, Baltimore za ku je. In suka kamo ku, ko da kunnen doki ne, su za su je Baltimore, ku ku tafi Houston.

Baban Hauwa (Detroit): A ba mu Baltimore. Mun san su, su ma sun san mu, kuma akwai bashin 2014 da suka share mu uku a jere.

Maman Sadiq (Dearborn): Ni Houston nake so, Alhaji. Baltimore ta ga Holton da Hurter da Brieske sau da yawa a watan nan, abin da Ɗan Damagaram ke faɗa ke nan. Houston rabonta da mu tun Yuni, ba ta san waɗannan yaran ba. Kuma babu wanda ya san filin nan da mutanensa kamar Hinch.

Ɗan Damagaram (Bronx): Houston da ta je zagayen kusa da na ƙarshe shekara 7 a jere? Hajiya, ku sake tunani.

Maman Sadiq (Dearborn): Wasa biyu kawai ake nema. Skubal ya ɗauki na Talata, sauran yaran su haɗu su nemo ɗaya cikin biyu.

Autan Fagge (Kano): Ko wacce ce, don Allah wani ya turo min lokacin da agogon Najeriya da zarar an fitar. In na dare ne sai in nemi fetur tun da rana.